Tudun da Aka Binne Yaya Sanusi

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta ce, "Hindatu, yaya Holan?" Waccan ta ce ina hotunan furanni. Zulai kuwa har shagon da nake aiki a Landover ta biyo ni tana tambayar cakulan. To, ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta, kada a sake tare ni a gidan suna. Ba yawon buɗe ido na je ba. Kabarin yayana na je nema.

Waɗanda suka san mu tun Kano sun san Yaya Sanusi. Ina firamare ya bar gida, ya bi ta inda ya bi har ya faɗa Holan, aka ajiye shi a sansanin masu neman mafaka a gefen wani ƙauye. Wani lokacin sanyi ciwon huhu ya kama shi, ya rasu. Wani ɗan Gana da suke ɗaki ɗaya ne ya bugo mana waya, ya faɗi sunan ƙauyen, Umma ta sa aka rubuta mata. Muka yi zaman makoki babu gawa. Yau shekara goma sha wani abu ke nan.

Daga baya Kawu, ƙanen Umma, likitan nan na Mitchellville, ya kawo mu Amurka. Duk shekara sai Umma ta ce masa, "Dakta, yaushe za a je a ga yaron nan?" Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Yaya, kabari gudu yake? Za mu je." Ya je Dubai, ya je Landan bikin ɗan abokinsa, ya yi Umara ban san adadi ba. Holan ce dai kullum ba ta kan hanya. Ana nan har ciwon ƙoda ya zaunar da Umma, yanzu kwana biyu ba ta yi sai an ɗora ta a na'urar wankin jini, jirgi ya haramta a gare ta. Da takarduna suka fito na ce ni zan je. Kawu ya ce mace ba ta shiga maƙabarta. Na ce to namijin ya je.

Abu biyu Umma ta roƙe ni. Na ɗaya, in tabbatar an kwantar da shi yana fuskantar alƙibla. Na biyu, in ɗauko mata hoton kabarin ta gani da idonta kafin ita ma a kai ta nata. Haka ta faɗa, tana ɗaure mini yaji a leda.

Maganar biza ba zan ɓata muku lokaci ba. Na shiga jirgin ƙasan Metro na je ofishin jakadancinsu, na yi layi, na dawo, na sake komawa, aka ba ni. Malam Isuhu, mai tasin nan ɗan Nijar da ke ƙasan beninmu, shi ya kai ni filin jirgi. Ya kalli sabon farin kambas ɗina ta madubi ya yi dariya. "Hajiya ƙarama, da wannan za ki ƙasar laka? Na yi zama a can gefen, wallahi ruwa ne kawai aka yi wa rufi da ciyawa." Na ce masa ya kalli hanya.

A filin jirgin Amsterdam wani dogon ɗan sanda mai jajayen kunnuwa ya karɓi fasfo ɗina.

"Wa kika zo gani?"

"Yayana."

"A ina yake zaune?"

"A maƙabarta."

Ya ɗago ya dube ni, ya buga hatimi, ya miƙo mini. Tun da nake ƙetare iyaka ba a taɓa sallamata da sauri haka ba.

Ƙauyen a can arewacin ƙasar yake, kuma ashe ko'ina ka je a duniya arewa ce ƙarshen layi. Jirgin ƙasa babba, sannan ƙarami, sannan bas. A tashar canji na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ta buɗe kamar ta Metro ɗinmu, ashe sai ka danna maɓalli. Wata mata ta miƙo hannu ta kan kafaɗata ta danna, ko kallona ba ta yi ba. Da na fito waje na ja akwatina na tsaya a kan wata jar hanya mai kyau, sai ƙararrawa ta ko'ina, wani tsoho ya wuce ni a keke yana zazzaga mini abin da na tabbata ba addu'a ba ce. Hanyar kekuna ce. A garin nan keke ya fi mutum daraja.

Bas ɗin ƙarshe shi ya fi ba ni haushi. Na zauna a rumfar tasha ana yayyafi, lokacin da aka rubuta ya yi, ya wuce, babu bas. Ashe motar ƙauyen ba ta fitowa sai wani ya kira waya tun da wuri ya ce yana so. Ku ji fa: bas da sai an gayyace shi kamar mawaƙin biki. Dole na kira matar da na kama ɗaki a gidanta, ta zo ta ɗauke ni a wata tsohuwar mota mai warin tumaki.

Sunanta Anika. Ta kai saba'in, ta fi duk mazan gidanmu tsawo, hannunta kamar na mai faskare. Maganarta ta farko, da Turancinta mai kauri, ita ce, "Kin makara. Na riga na ci abinci." Babu sannu da hanya, babu yaya mutanen gida. Na ce a raina, yau na gamu da daidai ni.

A hanya ba abin gani. Ƙasa shimfiɗe kamar an goge ta da dutsen guga, ramukan ruwa a miƙe sun yanka ta gida-gida, shanu manya masu baƙi da fari. Sai can na hango wani ɗan tudu guda ɗaya tal, da tsohon coci a kansa da bishiyoyi. Anika ta nuna da haɓa ta ce ƙauyen ke nan. Sunansa ba zan rubuta ba, don har na baro shi ban iya furta shi ba sai na yi kamar zan yi kaki.

Gidanta gidan gona ne, rabi na mutane rabi na tumaki. Matakalar ɗakina tsani ce kawai aka yi wa fenti, da baya nake saukowa. Tagoginsu manya, ba labule, kana wucewa kana ganin mutum yana cin abincinsa, shi ma yana ganinka, ba wanda zai ce bismilla. Ta ba ni burodi da cuku da shayi. Ta buɗe gwangwanin biskit, na ɗauki ɗaya, kafin in kai baki ta rufe ta mayar kan kanta. Da a gidan Umma aka yi wa baƙo haka, da sai an yi shekara ana ba da labari. Washegari da rana ta kirɓa dankali da wani ganye ta ɗora tsiren alade a kai, da na ce ba na ci sai ta ɗauke tsiren da cokali ta turo mini kwanon, wai ai ta cire. Ƙwai na dafa na barbaɗa yajin Umma.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, na kwana a gidan matar nan, baƙar fata ni kaɗai a duk ƙauyen, ba ta tambaye ni me ya kawo ni ba. A wurinsu wai rashin kunya ne. Mu da baƙo bai gama shan ruwa ba mun san sunan kakarsa. Da na ce mata ina son shiga maƙabartar cocin, cewa kawai ta yi sai an yi alƙawari da Pita, shi ke riƙe da makulli. Gidansa ga shi nan ana hangowa, amma sai da ta buga waya aka tsayar da lokaci.

Pita tsohon malamin makaranta ne, siriri, da ƙaramar hula da rigar ruwa. Ya ɗauka ni 'yar yawon kallo ce, kuma da alama ya daɗe bai samu wanda zai yi wa darasi ba. Tun daga gindin tudun ya fara, Anika na biye da mu.

Ya ce tudun nan ba Allah ne ya ajiye shi a haka ba, mutane ne suka tara shi da hannu. A zamanin da, kafin a gina ganuwar da ke tare teku, ruwan gishiri yakan shigo ya mamaye filin nan duka. Sai kakanninsu suka riƙa tara laka da kashin shanu da sharar gida, suna ɗora bukkokinsu a kai. Ruwa ya ƙaru, su ƙara. Uba ya mutu, ɗa ya ɗora a kan nasa. Haka har ya zama tudun da ya ɗauki gari guda. Yana faɗa yana buga ƙafa a ƙasa kamar shi ya yi dakon lakar.

Na ce, "To ina sauran garin? Coci kawai nake gani."

Ya ji daɗin tambayar. Ya ja ni bayan cocin, inda tudun ya yanke tsaye kamar an sa wuƙa an yanki burodi. Ya ce bayan an gina ganuwa teku ya daina shigowa, sai aka gane ƙasar tudun taki ce mai ƙarfi. Aka riƙa haƙa ana lodawa a kwale-kwale ana kai wa manoman da gonakinsu yashi ne. Aka cinye tudun ta kowane gefe, sai da aka zo jikin maƙabarta aka tsaya. Wai masu haƙar suna ta tono tukwane da matajen kai na ƙashi, har da ƙasusuwan mutanen da.

Na ce, "Wato kakanninku kuka sayar taki."

Ya yi dariya har da tari. "Za ki iya cewa haka. Mu nan ƙasa ba ta zama wuri ɗaya."

Ni kuwa haƙurina ya ƙare. Lakar wurin ta riga ta kama kambas ɗina har idon sawu, baƙa, mai danƙo. Na ce masa ban zo darasi ba. Na ciro hoton Yaya Sanusi na faɗi sunansa, na ce ya nuna mini inda yake.

Anika ce ta fara magana. Ta karɓi hoton ta ce, "Sam." Haka suke kiransa. Ashe ta san shi. Yakan tako daga sansanin ya gyara wa mutane kekuna, lokacin haihuwar tumaki ya taya ta kama 'yan raguna. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Goshinku ɗaya. Me ya sa ba ki faɗa ba tun jiya?" Na ce ai ba ta tambaya ba.

Pita ya cire hularsa. Ya ce, "Kabarin babu shi. An kwashe."

Na ɗauka Turancin ne ban gane ba, na sa ya maimaita. Ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ya yi na tudun. A ƙasarsu kabari ba na har abada ba ne. Wanda ya mutu ba shi da kowa, hukumar gari ke binne shi a kabarin gama-gari, mutum biyu ko uku a rami ɗaya, wani a kan wani. Bayan shekara goma doka ta ba da dama a kwashe abin da ya rage a ba wasu wurin. Tudun ƙarami ne, ƙasan kuma duk ruwa, ba inda za a faɗaɗa. Ya ce sun kafa ɗan allo a kan kabarin kusan shekara guda, ko wani nasa zai zo ya ɗauke shi ya mayar wani wuri. Sansanin an rufe shi tuntuni, ba su san kowa nasa ba. Ba wanda ya zo.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na ce allon a Kano zai fito mana ko a Landover? Na ce mutum ba dankali ba ne da za a tone idan ya yi kwana. Na ce kun sayar da naku, shi ne kuka haɗa da na mutane. Na faɗi wasu da Hausa, gara da ba su ji ba. Pita ya tsaya da hula a hannu yana kallon ƙasa.

Anika ba ta kalli ƙasa ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Shekara goma ni nake cire masa ciyawa. Ku kuna ina?"

Kun san bakina. Ba a taɓa yi mini tambaya na rasa amsa ba sai ranar. Me zan ce mata? In ce mu a wurinmu ba a kai wa kabari ziyarar shara, daga nesa ake yi wa mamaci addu'a, kuma Umma ba ta taɓa sallame salla ba ta ambaci sunansa ba? Gaskiya ne. In ce muna da likita a gida wanda ya ce kabari ba ya gudu? Shi ma gaskiya ne.

Na tambayi maganar alƙibla. Pita ya ce wasu maza sun zo daga masallacin birni, su suka yi masa wanka da salla, kuma ya ga sun juya shi a kan gefen damansa kafin a rufe akwatin. Anika ta ce mutanen ƙauyen da dama sun tsaya a baya a cikin sanyi har aka gama. Amma wannan a kabarin na da ne. Yanzu kuwa suka kai ni wani lungu a bakin yankakken tudun, bayan shinge, ciyawa ce kawai a shimfiɗe an aske ta tas. A ƙarƙashinta ake zuba ƙasusuwan duk wanda aka kwashe, manomi da matar fasto da yayana, a haɗe. Ba gabas, ba yamma.

Na tsaya a kan lakar na yi masa sallama da sunansa na gaskiya. Na karanta abin da na iya. Iska tana ta fizgar mayafina, tumaki na kuka a ƙasa.

Daga nan na kira Kawu. Ya yi salati, sannan ya rage murya. "Hindatu, ki saurare ni. Jinin Ummanki ba zai ɗauki wannan ba. Ki nemi wani kabari da ba gicciye a kai, ki ɗauka daga nesa. Wa zai sani?"

Na ce, "Kawu, kai da ka ce ba ya gudu?"

"Ba lokacin rashin kunya ba ne wannan."

Na kashe wayar. Ba zan ɓoye muku ba, na zaga maƙabartar, har na ga wanda zai yi, wani ɗan fili da ƙaramin dutse ba rubutu. Na ɗaga wayar na sauke. Matar da ta yi shekara goma sha wani abu tana jiran ganin ɗanta, in ba ta kabarin wani Bature ta riƙa shafawa tana kuka? Ciyawar na ɗauka.

Da yamma Anika ta kai ni kan ganuwar teku, inda ta ce Yaya Sanusi yakan zauna. Ka hau sama, hannun hagu ruwa, hannun dama gonaki da gidaje, kuma da idona na ga ruwan ya fi gonakin tudu. Mutanen nan a ƙarƙashin teku suke kwana suna tashi, shi ya sa ba su yarda akwai abin da ke dawwama ba sai wanda ake gyarawa kullum. Ban ce na yafe musu ba. Da muka koma ta haɗa shayi, ta buɗe gwangwanin, na ɗauki ɗaya. Ta bar shi a buɗe, ta turo mini. Ta'aziyyarta ke nan.

Ranar tahowa ban wanke kambas ɗin ba. Na bar lakar ta bushe a jiki, na naɗe su a leda biyu na cusa a ƙasan akwati. Na san Umma ba za ta taɓa cewa a ɗebo mata ƙasar kabari ba, za ta ce malamai sun hana. Amma laka a takalmi ai ba ɗebowa aka yi ba.

Da muka sauka a nan, jami'in da ke duba kaya ya tambaye ni ko na shiga gona ko na taɓa dabbobi a inda na je. Mutanen da ke gabana duk a'a suke cewa suna wucewa. Ni da bakina na ce e, a gidan tumaki ma na kwana. Aka tura ni wani layi. Wata mata mai safar hannu ta buɗe akwatin, ta warware ledar, ta ce ƙasar waje ba ta shiga, saboda cutar dabbobi. Na ce mata ba ƙasar gona ba ce, na gaya mata ko ta mece ce. Ta ce ta yi mini baƙin ciki, kuma na ga alamar da gaske take. Ta tafi da su bayan wani labule. Ina jin ƙarar burushi da ruwa. Ta dawo mini da su fari fat, sun fi ranar da na saye su, har da murmushinta.

Na tarar da Kawu a falonmu, ya riga ni zuwa, yana ta yi mini ido. Umma na kan kujerarta da bargo a ƙafa. Ko zama ban yi ba na durƙusa a gabanta na gaya mata duka: an yi masa wanka, an yi masa salla, an juya shi dama, wata tsohuwa ta kula da shi shekara goma, sannan an kwashe. Na ba ta hoton ciyawar. Kawu ya ce, "Yarinyar nan ba ta da hankali." Umma ba ta ko dube shi ba. Ta daɗe tana kallon wayar, tana buɗe hoton da yatsu biyu kamar za ta ga wani abu a tsakanin ganyen.

Can ta ce, "Kin taka wurin?"

"Na taka, Umma."

"Da wane takalmi?"

Na buɗe akwatin na miƙa mata. Ta juya su, ta duba ƙasansu, ta sa farce a cikin zanen robar tana bi layi-layi. Ta kai hanci. Warin maganin wanke asibiti ne kawai, irin wanda take shaƙa duk ranar wankin jini.

Ta ce, "Har wannan ma?"

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora su a cinyarta ta ja bargo ta rufe. Suna ɗakinta har yau, a gefen sallaya, ban sake sa su ba. Kawu kuwa tun ranar idan ya yi sallama tana amsawa, amma ba ta ƙara ce masa Dakta ba, sai sunansa na yanka.

Zulai, ban sayo cakulan ba. Furanni kuma ban ga ko ɗaya ba, an ce ba lokacinsu ba ne.